Kafin ka cire kaya daga jakar ɗan wasa, duba ko yana ciki

Jama'a, masu rubuta wasan labari da JavaScript, ko a Twine (manhajar haɗa wasan labari) ko a wani wuri: kada ku ɗauki sakamakon indexOf (mai nemo lambar matsayin abu a jeri) ku miƙa wa splice (mai cire abu daga jeri) kai tsaye. Ku fara dubawa ko lambar -1 ce.

Ga dalili. In abin da ake nema ba ya cikin jerin kayan jakar, indexOf -1 yake bayarwa. Shi kuwa splice, da ya ga -1, sai ya ɗauka ana nufin abu na ƙarshe, ya cire shi shiru, ba ƙorafi.

Ni kwana biyu na yi ina neman inda fitilar ɗan wasana ke ɓacewa. Ashe mabuɗin da ya riga ya yi amfani da shi ake ƙoƙarin cirewa karo na biyu, sai fitilar ta tafi a madadinsa. Abin ya ci min rai ƙwarai.

Amma ku kula, in akwai tsabar kuɗi biyu masu suna ɗaya, ta farko kaɗai za a cire. In duka kuke so a cire, filter (mai tace jeri) ya fi. Kuma "Mabuɗi" da "mabuɗi" ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta.