Yadda ake zuwa Abuja bikin rantsar da shugaban ƙasa, a sauka gidan ɗan uwa ba tare da an zame masa kaya ba

Duk bayan shekara huɗu, da zarar watan Mayu ya raba tsakiya, wayar mutanenmu da ke zaune a Abuja ba ta hutawa. Wanda rabonka da jin muryarsa tun sunan ɗanka na fari, sai ka ji ya kira: "Yaya, muna nan tafe rantsuwa." Tun 1999 da aka rantsar da Olusegun Obasanjo, ranar 29 ga Mayu ce ranar miƙa mulki a Najeriya, a Dandalin Eagle da ke tsakiyar birnin. A makon, otal-otal cika suke yi, kuɗin ɗaki kuma ya haura inda talaka ba zai kai ba, don haka yawancinmu gidan dangi muke nufa. Ni daga Jos na je sau biyu, a 2015 da 2023. Zuwan farko na tafka abin kunya, na biyun ne na ɗan gyara, kuma daga su biyun na tattaro abin da ke tafe.

Mataki na farko: ka san abin da za ka je gani

Dandalin Eagle ba filin idi ba ne da kowa zai shimfiɗa dardumarsa. Ranar rantsuwa da katin gayyata ake shiga, kuma jami'an tsaro ba sa sauraron "ai tare muke da Honorabul." Idan wani ɗan siyasa ya yi maka alƙawarin kati, ka karɓe shi a hannunka kafin ka shiga mota. Idan babu kati, ka sani tun daga gida cewa kallon gari za ka je yi da sada zumunci, bikin kuma a talabijin za ka gan shi kamar wanda ke zaune a Unguwar Rogo ta Jos.

Kada ranakun su rikice maka. A 2018 Muhammadu Buhari ya mayar da Ranar Dimokuraɗiyya zuwa 12 ga Yuni, amma rantsuwa tana nan a 29 ga Mayu. A 2027 ranar za ta faɗo Asabar.

Mataki na biyu: nemi izinin mai masauki, kada ka sanar da shi kawai

Akwai bambanci tsakanin "ina nan zuwa" da "Kawu, ko akwai wuri idan na zo?" Na farkon ka ɗaure shi ne, don babu Bahaushen da zai ce wa ɗan 'yar uwarsa kada ya zo. Na biyun ka bar masa ƙofar fita. Ka kira da saura mako uku ko huɗu, ka faɗi abu uku ƙarara: ranar isowa, ranar tafiya, da yawan mutanen da ke tare da kai.

Wannan na ukun shi ya kayar da ni a 2015. Na gaya wa kawuna ina zuwa, ban gaya masa da abokai biyu nake tafe ba, don a raina ai gidan babban ma'aikaci ne a Abuja. Muka isa bayan isha'i, ashe ciki da falo ne. Kawu ya dube mu, ya yi murmushi, ya ce "Lale marhabin, ku shigo." Sai da safe na fahimci matarsa da 'yarsu budurwa a ɗakin maƙwabciya suka kwana, yara maza kuma aka jera su a bayan kujera. Ba wanda ya ce mini uffan, har yau. Da ma faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Gidan haya a Abuja tsada gare shi, mutum mai albashi mai kyau ma sai ka same shi a matse. Idan ka ji ya fara "to, bari mu gani, ka san yanayin garin," ka gane, ka sauƙaƙa masa, ka ce ai akwai wani wurin. Mace kuma idan za ta je, ta yi maganar da uwar gidan kai tsaye bayan an sanar da mai gidan, don ita ce ta san inda za a shimfiɗa katifa.

Mataki na uku: tambayi unguwa, kada sunan Abuja ya ruɗe ka

Mutum zai ce maka yana Abuja alhali a Mararaba ko Masaka yake, waɗanda ke jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja. Kubwa, Lugbe, Karu, Nyanya, Dei-Dei da Gwagwalada suna cikin yankin babban birnin tarayya, amma babu wadda za ka taka da ƙafa zuwa dandalin. Masu zama Garki, Wuse, Maitama da Asokoro ne ke kusa, su kuwa ba kowa ke da ɗan uwa a can ba. Unguwar da za ka sauka ita ke yanke ƙarfe nawa za ka tashi ranar biki da nawa za ka kashe a mota. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Mararaba zuwa Nyanya da safe ya san tafiyar da ba ta kai ta kawo ba tana iya cin awa biyu.

Mataki na huɗu: tsaraba da kayan jaka

Mu mutanen Jos Allah ya sauƙaƙa mana wannan. Ka shiga kasuwar Farin Gada ka sayi dankalin Turawa, kabeji, karas, koren tattasai da tumatir, ka ƙara da mudun acca idan gidan suna ci. Abin da ka saya da arha a nan, a kasuwar Wuse sai an yi ciniki da gumi. Na Kano ko Zariya ya riƙo kilishi, daddawa, kuka, man shanu, duk abin da zai shiga tukunya. Turare da hula suna da kyau, amma a makon da baƙi suka cika gida, uwar gida ta fi murna da abin da za ta dafa.

A jakarka ka sa tawul da sabulu da silifas naka, zanen rufa, caja da fawa-bank, katin shaidar ɗan ƙasa, da lema. Ƙarshen Mayu damina ta sauka a Abuja, kuma garin yana da zafi mai naso, wanda ɗan Jos zai ji a jikinsa tun daga Keffi. Babbar riga mai sitati ka ajiye ta sai ranar. Ka riƙe tsabar kuɗi 'yan canji, don ba kowane direba ke yarda da tiransifa ba.

Mataki na biyar: hanya

Ka isa ranar 27, ko a makare 28 da rana tsaka. Daga Jos ka fita da sassafe, a gangara Hawan Kibo da ido biyu, a bi Akwanga da Keffi a shiga ta Nyanya. Shingayen bincike sukan ƙaru a makon, ka ƙara lokaci a lissafinka. Na Kaduna yana da jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, sai dai tikiti kan ƙare da wuri.

Inda za ka sauka, ku yi magana da mai masauki tun kafin ka taso, kuma in da hali shi ko ɗansa ya zo ya ɗauke ka. Abuja na fama da ɓarayin da ake kira 'yan wan-cans: mota ce kamar ta haya, da fasinjojin bogi a ciki, su ɗauki mutum a bakin titi su kwashe masa waya da kuɗin asusu. Baƙo mai jaka da buhun dankali yana waige-waige da magariba shi ne abincinsu. Ka hau mota a tasha, ko ka kira motar haya ta manhajar waya irin Bolt, ka tura wa mai masaukinka lambar motar.

Mataki na shida: zaman gidan

Nan ne aikin yake. Bikin awa uku ne ko huɗu, zaman gidan kuwa kwana uku ne, kuma da shi za a riƙa tuna ka.

Fara da ruwa. A unguwanni da yawa na bayan gari famfo ba ya kawowa, mai ruwa ne ke turo kura da jarkoki a saya. A zuwana na biyu, gidan yayata a Kubwa, na zauna a ƙofar gida da safe na ga mai kura ya sauke jarka goma, kafin azahar babu ko ɗaya, don mu baƙi huɗu kowa ya yi wanka da bokiti cike kamar a bakin rijiya. Washegari na riga kowa fita, na tare mai ruwan na biya shi kura biyu. Yaya ta fito tana faɗa: "Haba ƙanena, a gidana za ka sayi ruwa?" Na ce, "Yaya, ai ba ke na saya wa ba, yaran nan na saya wa." Ta yi dariya ta koma ciki. Haka ake yi. Idan ka miƙa wa mai gida kuɗi a hannu ka ce na abinci ne, ka ci masa fuska, ba zai karɓa ba. Sai dai ka lura da abin da ke ƙarewa ka cike shi shiru: burodin safe, ƙwai, katin wuta idan mita ce, man janareta, ko tukunyar gas.

Wuta ma haka. Kada ka kunna dutsen guga ko abin dafa ruwa sai ka tambaya, musamman idan janareta ke aiki.

Abinci, abin da aka kawo shi za ka ci, ka yaba. Idan ba za ka dawo cin rana ba, ka faɗa tun da safe kada a dafa da kai. Ka naɗe shimfiɗarka da ka idar da asuba, don falon da ka kwana nan ne yara ke karyawa. Namiji ya tsaya inda aka ajiye shi, ya yi sallama kafin ya ratsa tsakar gida, kuma ya rage zama daga shi sai singileti. Kada ka gayyato abokan siyasarka su cika wa mutane falo da hayaniya, ku haɗu a wajen mai shayi.

Sai bakinka. Kai murna ta kawo ka, wataƙila mai gidan ɗan takararsa ne ya faɗi, ko ma'aikacin gwamnati ne da ba ya son a ji ra'ayinsa. Maƙwabtansa kuma daga kowane sashe na ƙasar nan suke, Gbagyi masu ƙasa, Ibo, Yarabawa, Tibi, kowa da inda ya jefa ƙuri'arsa. Kai jibi za ka tafi, shi zai ci gaba da zama da su. Wani abin da na ga yana ɓata zumunci shi ne baƙo ya zo da takardun neman aiki ko kwangila, ya matsa wa mai masauki sai ya kai shi wurin wani babba. A wannan makon manyan kansu neman wanda zai gan su suke yi. Ka bar takardar a jaka, in ya tambaya ka ba shi.

Mataki na bakwai: ranar kanta

Gwamnati kan ba da hutu, kuma akan rufe hanyoyin da ke kewaye da dandalin da Sakatariyar Tarayya tun kafin ranar. Mai kati ya fita bayan sallar asuba, ya karya kumallo sosai, ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi, don mota za ta ajiye shi nesa, kuma an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006. Kada ka roƙi motar mai gida. Ka bar babbar jaka a gida, ka riƙe kati da shaidarka, wayarka a aljihun gaba. In jami'i ya ce a koma baya, a koma, kuma kada ka ɗaga waya kana ɗaukar masu tsaro hoto.

Alƙalin Alƙalan Najeriya ne ke ba da rantsuwar, mataimaki tukuna sannan shugaba. A 2023 Mai Shari'a Olukayode Ariwoola ya fara da Kashim Shettima kafin Bola Tinubu. Daga nan a sauke tutoci a miƙa wa sabon shugaba, a yi faretin sojoji da 'yan sanda, a harba bindiga sau 21, shugaba ya yi jawabinsa na farko. A jawabin 2023 ne aka ji maganar cire tallafin man fetur, kafin dare layuka sun dawo gidajen mai, mu da za mu koma gida muka ji a kuɗin mota. Saboda haka ka ware kuɗin komawa daban, da ɗan ƙari a kai, kada ka taɓa shi.

Ku yanke wurin haɗuwa da abokan tafiyarka tun kafin ku shiga, don layin waya kan cushe a cikin taro. Marar kati kuwa, shawarata ya zauna a gida ya kalla tare da masu gida, ya fi ganin komai. Da yamma in hanya ta buɗe sai a fita da yara a ga Masallacin Ƙasa, a hango Dutsen Aso.

Mataki na takwas: tafiya

A hadisi, liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Ranar da ka ce za ka tafi, ka tafi, ko da an ce "haba, ka ƙara kwana biyu mana," don yawanci kara ce ake yi maka. Ka cire zanen gado ka ninke, ka duba caja da hula kada ka bar wa mutane aikin aike. Ka yi wa uwar gida godiya ita kanta, da bakinka, ba ta hannun mijinta ba. Abin da ka yi niyyar bayarwa ka damƙa wa yara ko ka ce a saya musu alewa, nan ba a cika mayarwa ba. Ranar 30 tashoshin Jabi, Utako da Nyanya cike suke da masu komawa, ka fita da wuri. In ka sauka gida ka kira ka ce ka iso lafiya, sannan ka sake kira bayan mako biyu, lokacin da ba ka neman komai.