Yadda Za Ka Auna Sabuwar Ƙungiya, Sabon Direba Ko Sabon Fili A Formula 1 Kafin Ka Tsoma Baki A Musu

Babu abin da ke raba kan masu kallon gasar tseren motoci ta Formula 1 kamar baƙo. Da an ce ga sabuwar ƙungiya ta shigo, ko an ɗauko yaro ɗan shekara 18 an damƙa masa sitiyari, ko an ajiye tsohon fili an koma titin cikin gari, sai ka ji an rabu gida biyu, kowa na tada jijiyar wuya. Kakar 2026 kuwa ta zo da su a lokaci guda: Cadillac ta zama ƙungiya ta 11, Audi ta karɓe Sauber, an saka Madrid a jadawali, an cire filin Imola na Italiya. Yawancin musun da ake yi, ma'auni ne ba a daidaita ba. Wani yana awo da suna, wani da tsere ɗaya da ya kalla. Ga hanyar da nake bi, kuma ina ganin za ta yi maka amfani.

Mataki na 1: Ka fara tantance ko sabuwar ce da gaske

Ba duk sabon fenti ba ne sabuwar mota. Audi suna ne sabo, amma masana'antar da ke Hinwil a Siwizalan ta Sauber ce, wadda take tsere a Formula 1 tun 1993. Abin da yake sabo fil a wurin Audi shi ne injin da suke ƙerawa a Neuburg ta Jamus. Cadillac kuwa daga tushe ta fara: ɗaukar ma'aikata, kafa gareji, zana mota, komai.

Wannan bambancin shi zai hana a ruɗe ka da misalin da bai dace ba. Za a ce maka ai Brawn GP ta ci kambu a shekararta ta farko, 2009. Haka ne, amma ƙungiyar Honda ce da motar da aka riga aka kashe maƙudan kuɗi a kanta, suna da inji kawai aka sauya. Red Bull ma Jaguar ta saya a ƙarshen 2004, kuma duk da haka sai 2009 ta ci tserenta na farko. Saboda haka idan maganar Cadillac ake, ka kwatanta ta da waɗanda suka fara da hannu biyu: Haas ta 2016, da ƙungiyoyi ukun da suka shigo a 2010.

Mataki na 2: Ka bi sawun kuɗi da inji

A nan ne ake gane mai daɗewa. Ƙungiyoyin 2010, wato Lotus da ta koma Caterham, da Virgin da ta koma Marussia sannan Manor, da HRT, sun shigo ne bisa tsammanin za a ƙayyade kashe kuɗi zuwa fam miliyan 40 a shekara. Ba a yi hakan ba. Suka tsinci kansu suna gogayya da masu kashe ninkin-ba-ninkin abin da suke da shi. HRT ta rufe bayan 2012, Caterham bayan 2014, Manor bayan 2016. Su ukun duka, a tsawon zamansu, maki 3 suka haɗa: biyu daga Jules Bianchi a Monako a 2014, ɗaya daga Pascal Wehrlein a Ostiriya a 2016.

Haas ta yi dabara. Ta sayi inji da duk kayan da doka ta yarda a saya daga Ferrari, ta ba kamfanin Dallara aikin ƙera gangar mota. Tserenta na farko a Ostireliya, Romain Grosjean ya zo na shida, na biyu a Baharain ya zo na biyar. Ta ƙare shekarar da maki 29. Cadillac ma da injin Ferrari ta fara, kafin nata na General Motors, kamfanin da ya mallaki Cadillac, da aka tsara wa 2029.

Amma kada ka ɗauka babban kamfani shi ke nan an gama. Toyota ta zuba kuɗi kamar ba gobe daga 2002 zuwa 2009, ta tafi ba ta ci tsere ko ɗaya ba. Tambayoyin da za ka yi su ne: wa ke biya, shekara nawa ya yi alƙawarin zama, injin wa za a ɗora, kuma su waye injiniyoyin da aka ɗauka. Ka kuma tuna zamani ya sauya. Tun 2021 akwai iyakar kashe kuɗi, wadda ta fara daga dala miliyan 145, sannan ƙungiyar da ke ƙasan tebur ta fi ta sama samun lokacin gwada mota a ɗakin iska, inda ake hura wa samfurin mota iska a ga yadda take ratsa ta. Baƙon yau ya fi na 2010 samun sassauci nesa ba kusa ba.

Mataki na 3: Duk wanda ya yi magana, ka duba abin da zai rasa

Lokacin da Michael Andretti, tsohon direban tsere ɗan Amurka, ya nemi shiga da sabuwar ƙungiya, hukumar FIA mai kula da dokokin tseren motoci ta amince a Oktoban 2023, amma masu harkar kasuwancin gasar suka ƙi a Janairun 2024, suka ce ba su ga abin da zai ƙara ba. Shugabannin tsofaffin ƙungiyoyi da dama su ma ba su yi murna ba. Dalilin a fili yake: tuwon da mutum goma ke ci, idan na goma sha ɗaya ya zauna, lomar kowa za ta ragu. Shi ya sa yarjejeniyar 2021 tsakanin ƙungiyoyi da masu gasar ta ɗora wa duk mai son shiga dala miliyan 200 da za a raba wa waɗanda ya tarar. Sai da General Motors ta shigo da ƙafa biyu, da sunan Cadillac da alƙawarin ƙera inji, sannan ƙofar ta buɗe, aka ba da amincewar ƙarshe a Maris ɗin 2025.

Ba laifi ba ne mutum ya kare aljihunsa, amma kai ɗan kallo ba lissafinku ɗaya ba. Ni dai ina tare da ƙarin ƙungiya, kuma dalilina kujeru ne. Oscar Piastri ya ci Formula 3 a 2020, ya ci Formula 2 a 2021, wato ƙananan gasannin da ke kai direba Formula 1, amma ya zauna shekara guda cur babu mota. Felipe Drugovich ya ci Formula 2 a 2022, shekaru suka yi ta wucewa yana direban jiran ko-ta-kwana. Wannan yana yi mini ciwo. Kujera 22 ta fi 20, ko da biyun ƙarshe a baya suke tafe.

Mataki na 4: Direba, da abokin garejinsa ake auna shi

Nan ne na fi son ka tsaya, domin nan aka fi yi wa yara rashin adalci. A Formula 1 mota ce ke ɗaukar kaso mafi girma na sakamako. Mutum ɗaya ne kaɗai a duniya yake tuƙa irin motar da direbanka ke tuƙawa, shi ne abokin ƙungiyarsa. Da shi za ka fara.

Ka ajiye teburin maki tukuna, ka ɗauko sakamakon gwajin share fage, wanda ake yi don tsara wa zai tashi a gaba. A nan mota ba ta da nauyin mai, taya sabuwa ce, babu wanda ya tare wa wani hanya sai tsautsayi. Ka rubuta wanda ya fi wani a kowane mako, da tazarar da ke tsakani. Idan yaro sabo yana bayan gogagge da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa, yana kan hanya. Idan rabin daƙiƙa ce kullum, kuma ba ta raguwa bayan tsakiyar kaka, to da matsala.

Ga misalin da ba na gajiya da kawowa. A 2019 George Russell ya ƙare shekararsa ta farko a Williams ba shi da maki ko ɗaya, abokinsa Robert Kubica yana da ɗaya. Wanda ya kalli tebur kawai zai ce Kubica ya fi. Alhali a gwajin share fage Russell ya wuce shi sau 21 cikin 21. Da aka ba shi aron motar Mercedes a Sakhir a 2020, lokacin da Lewis Hamilton ya kamu da korona, shi ya ja ragamar tseren har sai da kuskuren canjin taya da faci suka ƙwace masa nasara. Fernando Alonso ma babu maki ya gama 2001 a Minardi, bayan shekara huɗu ya zama zakaran duniya.

Bayan haka ka ba shi lokaci. Isack Hadjar ya buga motarsa a zagayen ɗumama taya a Ostireliya a Maris ɗin 2025, tun ba a tashi tseren ba. Kyamara ta nuno shi yana komowa a ƙafa, hular kwano na kansa, yana kuka, mahaifin Hamilton ya tare shi ya dafa masa kafaɗa. Ranar mutane da yawa sun yanke masa hukunci. A watan Agusta ya zo na uku a filin Zandvoort na Holan. Pierre Gasly kuma tsere 12 ya yi a Red Bull a 2019 aka mayar da shi ƙaramar ƙungiyarsu, shekara na zagayowa ya ci tseren Monza a Italiya. Liam Lawson tsere biyu kacal aka ba shi a kujerar nan. Zama kusa da Max Verstappen a Red Bull ya karya direbobi masu kyau, don haka kada ka auna kowa da wannan kujerar kaɗai.

Sai maganar “kuɗi ne ya kawo shi”. Wani lokaci gaskiya ce, amma ba ta gama zance. Babu mai hawa motar nan sai da babban lasisin FIA, wanda ke buƙatar maki 40 daga ƙananan gasanni. Colton Herta ya ci tsere da dama a gasar IndyCar ta Amurka, amma a 2022 makinsa 32 ne, aka hana shi. Lance Stroll, wanda mahaifinsa ke riƙe da Aston Martin, ya ci Formula 3 ta Turai a 2016, ya kuma zo na uku a Baku a shekararsa ta farko. Niki Lauda da bashin banki ya sayi kujerarsa, ya zo ya ci kambu uku. Ka raba tambayar gida biyu: me ya buɗe masa ƙofa, me kuma ya yi bayan ya shiga.

Masu cewa Cadillac ta ɗauki tsofaffi, Valtteri Bottas da Sergio Pérez, ta bar matasa, suna da hujja. Amma ƙungiyar da ba ta san motarta ba tana bukatar wanda zai dawo gareji ya ce wa injiniya ga inda take zamewa, ga inda birki ke yaudara. Bottas ya ci tsere 10, Pérez 6. A shekarar farko ni ma su zan ɗauka.

Mataki na 5: Fili, ka kalli taswira kafin ka kalli fitilu

Ka buɗe taswirar filin ka nemi abu ɗaya: doguwar miƙaƙƙiyar hanya da ke ƙarewa a matsattsiyar kwana, inda dole a taka birki sosai. Nan ake yin obatekin. Sannan ka duba faɗin titin, ko mota biyu za su iya shiga kwanar kafaɗa da kafaɗa. Sabunta ko tsufa ba su ne ma'auni ba. Monako tana cikin mafi daraja, amma a 2024 goman farko yadda suka tashi haka suka ƙare, babu wanda ya wuce wani.

Kada ka yanke hukunci da shekarar farko. Tseren Baku na 2016 ya sa mutane hamma, na 2017 kuwa har yau ana zancensa: Sebastian Vettel ya gogi motar Hamilton cikin fushi, Daniel Ricciardo ya taso daga baya ya ci. Las Vegas a 2023 ta fara da abin kunya, marfin ramin ruwa ya ɓalle ya farfasa ƙasan motar Carlos Sainz minti takwas da fara atisaye, amma tseren kansa ya yi armashi.

Tambaya ta biyu ita ce ko zai daɗe. Yeongam ta Koriya ta Kudu daga 2010 zuwa 2013 ta yi, Buddh ta Indiya daga 2011 zuwa 2013, titin Valencia daga 2008 zuwa 2012. Na Hanoi an gina shi don 2020, ba a taɓa tsere a kai ba. Fili nesa da gari, ba tare da 'yan kallo na gida ba, gwamnati kaɗai ke biya, da wuya ya kai labari.

Ta uku, wa aka tayar don a zaunar da shi. Jadawali ya kai tsere 24, makanikai na kwana a hanya wata da watanni, don haka duk shigowar sabo fitar wani ce. Imola ta tafi, Zandvoort za ta yi sallama bayan 2026, Spa ta Beljiyam mai tsawon kilomita 7 za ta huta a 2028 da 2030. Na Spa ɗin nan ya taɓa ni ƙwarai, don babu titin cikin gari da zai maye hawan Eau Rouge, shahararriyar kwanar filin. Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe ƙofa a tsaya Turai, domin rabon Afirka da tsere tun na filin Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993. Afirka ta Kudu na nema, Ruwanda ma ta bayyana neman nata a Disambar 2024. Idan an zo wannan maganar, ka tambayi abu biyu: filin ya samu shaidar daraja ta ɗaya ta FIA, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin karɓar baƙuncin kowace shekara.

Mataki na 6: Ku yanka ma'auni da rana tun kafin a tashi

Kafin musu ya yi zafi, kai da abokin gardamarka ku amince da abin da za a kira nasara, ku rubuta. Ga sabuwar ƙungiya, kada ku ce kofi. Ku ce motocinta biyu su riƙa kai ƙarshen tsere, tazararta da ta gabanta ta ragu tsakanin Maris da Disamba, kuma kada dokar kashi 107 ta kama ta. Lissafin dokar mai sauƙi ne: idan mafi sauri a zangon farko na share fage ya yi zagaye a daƙiƙa 90, wanda ya haura 96.3 sai alƙalai sun yi masa alfarma kafin ya shiga tsere. HRT ta faɗa wannan ramin a Ostireliya a 2011 da 2012. Ga direba, ku jira hutun watan Agusta ku ƙirga sakamakonsa da abokin garejinsa. Ga fili, ku ba shi tsere biyu aƙalla, kuma wanda aka yi ruwan sama a cikinsa kada ku saka shi a lissafi, domin ruwa yana gyara kowane fili.