Yadda za a rabu da tsohon jirgin ruwa na fiba

Jama'a masu kamun kifi wajen tabkin Madarumfa, da duk mai tsohon jirgi ko tankin fiba a gida, don Allah kar ku cinna mishi wuta. Abin nan zaren gilas ne aka haɗa da danƙo, ba ya ruɓewa kamar katako, hayaƙinshi guba ne kuma ko ya ƙone zaren na nan cikin toka, yara su taka.

Fara da kwance duk ƙarfe da alminiyon da ke jiki, wannan 'yan gwangwan na saye, fibar ce ba su so. In akwai tankin mai a zuƙe shi tas.

In jikin bai fashe sosai ba ni dai shawarata kar a yanka, a wanke shi da kyau ya zama kwamin shayar da dabbobi, ko a huda ƙasan a zuba ƙasa da taki a yi renon zogale.

In kuwa ya gama yawo to sai injin yankan ƙarfe, amma a fili, da takunkumi da tabarau da riga mai dogon hannu, ana yi ana yayyafa ruwa saboda ƙurar tana cin jiki kamar ƙaiƙayi kuma tana shiga huhu. A ɗure guntayen a buhu, a tambayi ma'aikatar magajin gari inda za a kai, ban da gulbi.