Babi na Shida: Ɗaukar Mota a Tirela da Ƙaramar Jif

Darasi na 1: Lambobin jikin ƙofa

'Yan'uwa, wannan babi na masu ƙaramar jif ne irin Toyota RAV4, waɗanda ke son ɗora wata mota a tirela su ja ta daga Ngaundere zuwa Garwa ko Marwa a ƙasar Kamaru. Kafin a taɓa ƙugiyar da ke haɗa tirela da jif sai an yi karatu da lissafi. Kada gabanka ya faɗi, lissafin bai fi wanda kake yi a kasuwa wuya ba.

Buɗe ƙofar direba. A jikin ginshiƙin ƙofar, ko a ƙarƙashin bonet, akwai ɗan faranti na ƙarfe ko takarda a manne. Goge ƙurar da tsumma. A motocin da aka shigo da su daga Turai za ka ga lambobi a jere daga sama zuwa ƙasa, kowace tana ƙarewa da haruffa biyu, k da g. Ma'anarsu kilo. Lamba ta farko ita ce iyakar nauyin jif ɗin da mutane da kaya. Ta biyu ita ce iyakar nauyin jif da tirela a haɗe. Ɗora yatsa a kan ta biyu, ka ɗebe ta farko daga cikinta. Misali, 3600 a ɗebe 2100, saura 1500. Wannan 1500 shi ne abin da jif ɗinka za ta iya ja, in tirelar mai birki ce. Tirelar da ba ta da birki iyakarta kilo 750, saboda haka ba a ɗora mata mota.

Rubuta amsarka a takarda. Madalla.

Darasi na 2: Tirela ma tana da nauyi

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. In na tambaya nawa ne nauyin abin da za a ja, sai aji ya amsa da nauyin motar kaɗai. A'a. Jif ba mota kaɗai take ja ba, tana jan mota da tirelar da ke ƙarƙashinta. Nauyi biyu ne, kuma tara su ake yi.

Mu gwada. A ce Corolla ce mai kilo 1200, tirelar kuma kilo 600. Rubuta 1200 a sama, 600 a ƙasa, sifili ƙarƙashin sifili, ka ja layi. Amsa 1800. Dubi takardarka ta ɗazu: 1500. Wanne ya fi yawa? 1800. To wannan jif ba za ta ja wannan Corolla ba, sai a nemi babbar mota.

Mu sake. Ƙaramar mota mai kilo 900. Ɗalibi ya ce 900 bai kai 1500 ba, an gama. Ba a gama ba, Malam. Ina tirelar? Tara 600. Amsa 1500, daidai bakin iyaka. Yanzu in mai motar ya zuba buhun masara mai kilo 100 a but ɗinta, an koma 1600, an wuce. A sauke buhun.

Faɗi da bakinka: mota, a tara tirela, a tara kaya. Sake faɗa. In ka manta, ba abin kunya ba ne, koma farkon darasin. Amma wanda ya san lissafin ya ce ai injin zai iya, wannan ganganci ne. Injin zai tayar da kayan, gaskiya ne. Birki ne ba zai tsayar da su ba, kuma a kan hanyar akwai 'yan babur da yaran makaranta. Ba na son in ga littafin ɗalibi da lamba ɗaya tak a wannan shafi. Lambobi biyu, da layi, da amsa. Tirelar tana da nauyi.

Darasi na 3: Ɗorawa

Haɗa tirelar da jif tukuna, a fili mai daidai, ka ja birkin hannu. Motar ta hau da gabanta, injin yana ɓangaren jif. In nauyi ya koma baya, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan kwalta. Ɗaure tayoyi huɗu da ɗamarar kaya, ban da igiyar roba. Gitta sarƙoƙi biyu a ƙarƙashin ƙugiya. Wani ya tsaya a baya ya duba fitilar birki da sigina.

Ka tara nauyin tirelar kuwa?

Darasi na 4: A hanya

Bayan ɗan tafiya, tsaya ka sake ƙulle ɗamara. A gangaren dutsen da ke arewa da Ngaundere, kafin Mbe, sa ƙaramar giya tun daga sama, kada ka danne birki har ya yi zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura 40, don haka tashi da asuba, idonka a kan allurar zafin injin. Takardun motocin biyu da na tirela su kasance a hannu saboda jandarma.

Darasi na 5: Ribas

Riƙe sitiyari daga ƙasa. Inda hannunka ya nufa, can tirelar za ta nufa. Gwada a fili, a hankali, tirela ba kaya.