Ga masu dawowa Kano bayan buɗe hanya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda gwamnatin tarayya ta ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ta lokacin korona a ranar 1 ga Yuli 2020, mutanenmu da suka fake a ƙauye sun fara tururuwar dawowa. Buɗe hanyar bai kawar da korona ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zagayen gaisuwa. Mutum ya sauka a tasha, washegari ya zarce gidan Hajiya ko Baba tsoho, alhali cutar na iya ɓuya a jiki har kwana 14 ba tare da wata alama ba. Tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini su ta fi kayarwa. Don Allah ku yi gaisuwar ta waya har mako biyun ya cika, ku aika da tsarabar. In sun yi ƙorafi, ku ba su haƙuri, ku faɗa musu dalili.

A mota ku nemi kusa da taga, a bar gilashi a buɗe, takunkumi ya rufe hanci da baki. A cikin adaidaita sahu ma haka, in da hali ku biya kuɗin kujera biyu. Masu komawa shago a Kwari ko Sabon Gari, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa.

Zazzaɓi kuwa, kada a ce maleriya ce kawai a wuce kemis. In ya haɗu da busasshen tari ko ɗaukewar jin ƙamshi, a keɓe a ɗaki, a kira hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232, kyauta ne.