Yadda Ake Zaɓen Na'urar Karanta Littattafai Mai Fuskar Shafawa a Katsina

A bara wani ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya tara kuɗi na wata da watanni, ya sa aka aiko masa da na'urar karanta littattafai daga Legas, 'yar ƙarama mai inci 6, ko ƙwarzane babu a jikinta. Ranar da ta iso muna zaune a zaure bayan la'asar, ya loda mata handawut ɗin wani darasi da aka ɗauki hotonsa shafi-shafi, sai rubutun ya fito ƙanana kamar jerin tururuwa. Ya ware yatsu biyu ya ƙara masa girma, rabin layi ya ɓace. Ya ja shafin gefe, fuskar ta yi baƙi ta yi fari kafin ta natsu. Ya dube ni ya ce, "Kawu, anya ba jabu aka sayar mini ba?" Na'urar ba jabu ba ce, kuma babu abin da ya same ta. Kuskuren da aka yi shi ne an sayo ta kafin a tambayi irin littattafan da za ta ɗauka, kuma daga wannan tambaya ya kamata duk mai niyyar saye ya fara.

Fuskar irin wannan na'ura ba ɗaya take da ta waya ba. Ana kiranta tawadar lantarki, fasahar da kamfanin E Ink ya fito da ita bayan an kafa shi a 1997 daga binciken jami'ar MIT ta Amurka. A cikin fuskar akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da farin launi da baƙi, wuta ce ke tura wanda ake so sama, kuma da zarar shafi ya zauna ba ya ƙara cin batir sai an juya shi. Dalilin da ya sa caji ɗaya yake kai makonni ke nan, kuma shi ya sa ake iya karatu da ita a tsakar rana a gindin dalbejiya ba tare da ƙyalli ya hana gani ba. Amma wannan dabarar ce kuma ta sa take da nawa: ba ta dace da bidiyo ba, ba ta son a riƙa jan shafi sama da ƙasa, kuma lokaci-lokaci sai ta yi wannan walƙiyar baƙi domin ta share inuwar shafin da ya wuce. Wanda ya san haka tun farko ba zai tsorata ba.

Mataki na farko shi ne mutum ya buɗe wayarsa ya duba littattafan da ya tara, ya ga wane iri ne ya fi yawa. Iri biyu ne suka fi muhimmanci. Akwai EPUB, wanda rubutunsa ke bin girman fuska kamar ruwa a cikin mazubi, idan an ƙara girman haruffa sai layuka su sake jeruwa da kansu. Akwai kuma PDF, wanda shafinsa a daskare yake yadda aka tsara shi, musamman idan hotonsa aka ɗauka. Mafi yawan abin da ke yawo a hannun mutanenmu PDF ne: handawut na ɗalibai, littattafan fiƙihu da hadisi da aka ɗauko daga bugun Masar ko Bairut, da takardun ofis. Takardar A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon kusan 30, alhali fuskar inci 6 ba ta wuce santimita 9 da 12 ba, wato ana neman a cusa tabarma cikin aljihu. Fuska mai inci 10 da ɗoriya, irin ta Kindle Scribe ko Kobo Elipsa ko manyan Boox, ta kai kimanin rabin A4, kuma idan aka kwantar da ita a gicciye ana karanta handawut ba tare da runtse ido ba. Ga malamin da ke bitar littafin Larabci mai sharhi a gefe da ƙananan wasulla, ban ga amfanin sayen abin da ya gaza inci 10 ba, ko da an ce rabin kuɗi ne. Wanda kuwa labarai da tarihi yake karantawa a EPUB, inci 6 ko 7 sun ishe shi, sun fi sauƙin riƙewa da hannu ɗaya, kuma suna shiga aljihun kaftani.

Bayan girma sai kamfani, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa da suna. Kindle na Amazon, wanda ya fara fitowa a 2007, shi ya fi yawa a kasuwannin Najeriya, sabo da na hannu, saboda haka rigarsa da wayar cajinsa sun fi saurin samuwa. Matsalarsa ita ce an gina shi ne domin a riƙa sayen littattafai daga shagon Amazon. Idan aka jona shi da kwamfuta aka zuba masa EPUB kai tsaye ba zai buɗe ba, sai dai a tura ta hanyar aika fayil ta Amazon mai suna Send to Kindle, wadda ta fara karɓar EPUB a 2022 kuma tana buƙatar intanet, ko a juya littafin da manhajar Calibre, wadda kyauta ce. Tun watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littattafan da aka saya zuwa kwamfuta domin a tura su cikin Kindle ta wayar USB. Kobo, kamfanin Kanada da Rakuten na Japan ya mallaka, yana buɗe EPUB da PDF da zarar an kwafa masa su kamar yadda ake kwafa a filashi. PocketBook ma haka yake, kuma yana karɓar nau'o'in fayil masu yawa. Boox na ƙasar Sin kuwa Android ne a cikinsa, saboda haka ana iya sa masa manhajar Alƙur'ani, da Wattpad inda marubutan Hausa da yawa ke sakin labaransu, har da manhajar Kindle ɗin kanta. Sai dai batirinsa ba ya daɗewa kamar na sauran, kuma kuɗinsa ya fi ciwo. A ganina, mutumin da littattafansa ta WhatsApp da Telegram suke zuwa masa zai fi samun kwanciyar hankali da Kobo ko PocketBook, wanda kuma ya dogara da wata manhaja ta musamman ba shi da mafita sai Boox.

Akwai gwaji guda da mai karatun Hausa bai kamata ya tsallake ba. A je wurin saye da ɗan gajeren fayil mai ɗauke da kalmomi irin su ɓarawo, ɗaki da ƙofa, a buɗe shi a gaban mai shago. Wasu salon haruffan da ke zuwa da na'ura ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai a ga ɗan akwati a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a tsakiyar kalma. Abin yana da magani, domin Kindle da Kobo duka suna yarda a ƙara musu haruffa ta hanyar kwafa su cikin jakar da aka tanada, kuma Gentium da Charis SIL da Noto Serif duk kyauta ne, duk suna da ɓ da ɗ da ƙ. Haka za a gwada Larabci, a duba ko haruffa sun haɗu daidai kuma wasulla sun zauna a mazauninsu. Mus'hafin Warshu da rubutun ajami galibi a matsayin hoto suke zuwa, wanda ya sake maido mu kan maganar girman fuska.

Ita kanta shafawar iri biyu ce. Tsofaffin na'urori da dama, irin Kindle Touch da Kobo Touch na 2011, suna aiki ne da wani haske da ido ba ya gani wanda ke ratsa saman fuskar daga gefe zuwa gefe, shi ya sa fuskarsu take a lotse cikin firam. Sababbi da yawa suna jin yatsa ne kamar waya. Wannan bambanci yana da nauyi a garinmu, domin a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura tana taruwa a lungun firam ta tare hasken, sai shafi ya riƙa juya kansa ko ya ƙi juyawa. Fuskar da ta yi daidai da firam, kamar ta Kindle Paperwhite tun daga samfurin 2018, shafa ɗaya da ƙyalle mai laushi ta ishe ta. Kada kuma alamar IPX8 ta ruɗi kowa. Lambar 8 tana nufin na'urar tana jure nutsewa a ruwa, kimanin mita 2 na minti 60 a alƙawarin Amazon da Kobo, amma harafin X yana nufin ba a ba ta wani matsayi game da ƙura ba, alhali mu nan ƙura ta fi ruwa yi mana barazana. Samfurin da ke da maɓallin juya shafi, irin Kobo Libra, yana da daɗi lokacin bazara da gumi ke sa yatsa ya riƙa zamewa.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuya. A nemi kaifin rubutu na ɗigo 300 a kowane inci, da fitilar da ake iya mayar da ita ruwan ɗorawa da dare, da ramin caji na USB-C domin waya ɗaya ta wadatar da ita da wayar hannu. Ma'adana mai gigabait 16 tana ɗaukar dubban EPUB, amma littafin da aka ɗauki hotonsa yana iya cin megabait 100 shi kaɗai, kuma Kindle ba ya karɓar memori, sai wasu samfuran PocketBook da Boox. Masu launi, irin Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft da suka fito a 2024, launinsu a dushe yake, kaifinsa rabin na baƙi da fari ne, fuskar kuma ta fi duhu; in ba don littattafan yara ko taswira ba, ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba.

Wurin saye shi ne inda ake yin kuka. Ba kasafai ake samun waɗannan na'urori a shagunan waya na cikin gari ba, galibi sai an nufi kasuwar Farm Centre a Kano, ko a yi oda ta Jumia ko Konga, ko a sa wani ya duba a Computer Village da ke Ikeja. Idan ta hannu ce, kada a biya sai an kunna ta. A shiga saituna a tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa, sannan a kunna hotspot a yi rajista da asusun kai nan take, domin Kindle da aka kai rahoton an sace shi ba ya karɓar sabuwar rajista. Idan ta ƙi ganin hotspot, a shiga saitin hotspot ɗin wayar a mayar da shi kan zangon 2.4 GHz, saboda tsofaffin samfura ba sa ganin zangon 5 GHz. A buɗe farin shafi, a ƙure fitila, a duba ko akwai ɗigon haske ko wani layi da ba ya motsi, domin ƙarƙashin fuskar gilashi ne siriri, idan ya tsage ba ya gyaruwa sai an canza fuskar gaba ɗaya, kuma samunta a nan aiki ne. Na taɓa tsayawa a wani shago ina wannan dube-dube har mai shagon ya gaji ya ce, "Malam, ai ko amarya ba a yi mata wannan binciken." Na ce masa, "Alhaji, amarya ai an san gidansu." Ya yi dariya ya rubuta mini rasit da lambar na'urar a jiki, da sharaɗin mayarwa cikin kwana uku, kuma wannan rasit ɗin ya kamata kowa ya nema. Wanda zai sa a aiko masa ta tasha ya roƙi a naɗe ta tsakanin kwali biyu masu tauri, kada a jefa ta cikin buhu tare da wasu kaya.

Cikin kayan haɗi, riga ce farilla, sauran nafila ne. A sayi mai murfi mai tauri da maganaɗisu, wadda ke kashe fuskar idan an rufe, kuma a sayo ta da sunan samfurin da shekararsa, domin Paperwhite na 2021 inci 6.8 ne, na 2024 kuma inci 7, rigar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Gilashin kariya mai ƙyalli irin na waya yana ɓata abin da aka sayi na'urar dominsa. In dole ne a sa, a nemi mara ƙyalli. Yawancinsu ba sa zuwa da kan caja, amma kowace caja ta waya mai kyau tana yi, kuma wadda aka sayo daga Amurka mai ƙafa biyu tana buƙatar adafta kafin ta shiga soket ɗinmu mai ƙafa uku. Fawa bank ƙarami ya wadatar, tunda batirin bai kai na waya girma ba. Alƙalamin Kindle Scribe da na yawancin Boox ba ya buƙatar caji, na Kobo kuwa ana cajinsa, kuma dukansu bakinsu yana cinyewa, saboda haka a haɗo da 'yan canji tun a odar farko.

Game da makonnin daɗewar caji da ake rubutawa a kwali, lissafin Amazon na karatun rabin awa ne a rana da intanet a kashe, don haka ɗalibin da ke kwana yana bita ya sa ran ƙasa da haka sosai. Zafi kuma yana rage ƙarfin batir. Kamfanin ya ƙayyade amfani da Kindle tsakanin digiri 0 da 35, alhali a Afrilu da Mayu Katsina da Daura suna haura 40, saboda haka kada a bar ta a cikin mota a rufe, kada a yi cajinta a kan katifa da rana tsaka, a bari sai dare ko da asuba. Shi kuwa ɗan 'yar'uwar tawa, ya sayar da tasa ga wata ƙanwar mahaifinsa mai son littattafan labari, ya cika kuɗi ya sayi ta hannu mai inci 10, kuma kafin ya biya sai da ya buɗe wannan handawut ɗin a gaban mai shago ya karanta shafi guda har ƙarshe.