Yadda za ka yi da maganar rafari in kana neman sabon aiki oganka bai sani ba

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin neman aiki ya san wurin nan da ake cewa ka kawo sunan mutum biyu ko uku da za a tuntuɓa su ba da shaida a kanka, wato rafari, da lambar wayarsu da imel. In kana zaune ba ka da aiki wannan ba wani abu ba ne. Amma in kana wani wuri kana karɓar albashi kuma kana laluben wani a ɓoye, to nan ne ake yin kwaɓa, domin wanda ya fi kowa sanin aikinka shi ne ogan da kake ƙarƙashinsa yanzu, kuma shi ne ba ka so ya ji ko ƙishin-ƙishin.

Ni dai abin da nake faɗa wa kowa shi ne kada sunan oganka na yanzu ya shiga fom ɗin kowa sai ofa leta, wato takardar da ke cewa an ba ka aikin, ta shigo hannunka a rubuce. Ba "ai mun ɗauke ka" a waya ba, ba "ka ci intabiyu, sauran sa hannun manaja" ba. Dalili kuwa, daga ranar da aka san kana neman tafiya kallon da ake maka ya canza, ko da ogan mutumin kirki ne, in taron horaswa ya taso a Abuja sai a tura wani, in lokacin ƙarin girma ya zo a ce a ɗan dakata da naka, in kuma kwantiraginka na wata shida ne ko shekara ɗaya irin na ƙungiyoyin agaji ai ka ma sauƙaƙa musu, shiru kawai za su yi har ya ƙare. Sannan wancan aikin da kake hange bai tabbata ba, ka tashi babu tsuntsu babu tarko.

To wa za ka saka? Wanda ya fi kowa amfani shi ne tsohon oganka na wurin da ka bari. Kusa da shi, wani babba da ya taɓa shugabantarka a inda kake yanzu amma ya riga ya koma wani wuri, wannan ya san aikinka na kwanan nan kuma ba ruwansa da siyasar ofis ɗinku. In wannan ne aikinka na farko, akwai shugaban sashen da ka yi bautar ƙasa a ƙarƙashinsa, akwai malamin da ya duba maka furojet a jami'a ko poli. Abin da mutanenmu ke yawan yi kuma ba ya aiki shi ne rubuta sunan wani babban Alhaji ko ɗan majalisa ko hakimin garinsu don fom ya yi nauyi. Ita yarinyar HR, wato sashen kula da ma'aikata, da za ta kira ba girman mutum take nema ba, takarda ce a gabanta da tambayoyi: shekara nawa kuka yi aiki tare, mene ne matsayinsa, me ya sa ya bar wurin, ina yake da rauni, da za ka sake ɗaukarsa? Alhaji zai ce "yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci ne" shi ke nan, ta rubuta ba shi da bayani. Ɗan'uwa kuma ba a karɓa, ko da shi ne Farfesa.

Abokin aikinka na yanzu fa? Za a iya, amma ka yi tunani sau biyu. Ba wai zai kai ƙararka ba, baki ne kawai, ya faɗa wa mutum ɗaya a wurin cin abinci ya ce kada ka gaya wa kowa, kafin la'asar direban ofis ma ya sani.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kira mutanen nan tun kafin ka tura takardunka, ba saƙon WhatsApp na layi ɗaya ba, kira sosai da gaisuwa da tambayar iyali, sannan ka ce "Yallaɓai ina neman wani aiki ne a wuri kaza, ina so in saka sunanka in ba damuwa, amma har yanzu ina wurin aikina kuma ba su sani ba, don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu." Wannan jimlar ta ƙarshe kada ka manta da ita, saboda manyan nan duk sun san juna, a ɗaurin aure ɗaya za su haɗu da oganka ya ce masa ashe yaronka zai tafi. Ka saurari yadda ya amsa. In ka ji yana "to, to, za mu gani" ka nemi wani. In ya yarda ka tura masa CV ɗinka da tallan aikin, ka tuna masa shekarun da kuka yi tare don kada ya faɗi wasu daban da na takardarka, ka kuma roƙe shi ya riƙa ɗaga baƙuwar lamba ya riƙa duba imel har da sifam, inda saƙonnin banza ke faɗawa. Wurare da yawa sun fi son imel ɗin ofis a kan Gmail ko Yahoo, ka tambaye shi wanne zai ba ka.

Sai fom ɗin da ya tambaye ka kai tsaye. Fom ɗin P11 na Majalisar Ɗinkin Duniya alal misali yana da tambayar ko kana da ja a tuntuɓi inda kake aiki yanzu. Ka nuna kana da ja, ba laifi ba ne, don haka aka saka tambayar. A intabiyu ma in sun tambaya ka faɗa musu gaskiya: "Wurin aikina ba su san ina nema ba, ga mutum uku da za ku iya kira yau, oga na kuma zan ba ku lambarsa da zarar kun ba ni ofa." Masu ɗaukar aiki sun saba jin wannan. In suka dage sai sun kira kafin su ba ka komai, ka nemi ofa mai sharaɗi, a rubuta albashi da ranar farawa, a ce ta dogara da shaidar wurin aikinka. Kada dai ka yi wayon ba da lambar abokinka a matsayin oga, akwai kamfanonin bincike da aikinsu ke nan, ofis za su kira ba lambar da ka bayar ba.

A ɓangaren ƙungiyoyin agaji na waje, irin na Maiduguri da Yola da Damaturu, ka sani dole ne sai an taɓo wurin aikinka a ƙarshe. Tun 2019 akwai tsarin da manyan ƙungiyoyi suka shiga na tambayar wuraren da mutum ya yi aiki cikin shekara 5 da suka wuce ko an taɓa kama shi da laifin cin zarafi ta hanyar lalata, kuma sai ka sa hannu ka amince. Abin da za ka nema kawai shi ne a bar shi ya zama matakin ƙarshe. In kuma aikin gwamnati kake yi lissafinsa daban, ƙa'ida ita ce takardar neman ta bi ta hannun shugaban sashenka, jami'o'i kuma galibi sukan ce rafari uku su aika rahotonsu kai tsaye ga Rijistara, can ɓoyon ba ya daɗewa, gara ka je ka sami oganka da kanka da wuri.

Kada kuma ka haɗa rafari da garanto. Garanto, wanda bankuna da kamfanonin da ake taɓa kuɗi ke nema, sa hannu yake yi da hoton fasfo da katin shaida cewa in ka yi ɓarna za a iya binsa. Wannan ba a roƙonsa ta waya, takawa ake yi.

Ranar da ofa ta zo, kafin sabon wurin su ɗaga waya ka riga su shiga ofis ɗin oga ka faɗa masa da bakinka, ka ce za a kira shi. Sannan ka duba kwantiraginka kan notis, wato wa'adin sanarwar da za ka bayar kafin ka bar aiki. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 11, ta sa mako ɗaya ga wanda ya haura wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako biyu daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata ɗaya daga 5 zuwa sama, amma yawancin kwantiragi wata ɗaya suke rubutawa, na manya har wata uku. Ka cika notis ɗin, ka miƙa laftop da katin ofis da makullai a rubuce a sa maka hannu, kuma kafin ranar ƙarshe ka nemi HR su ba ka takardar shaidar aiki mai tambarin kamfani da kwanan watan da ka fara da wanda ka bari, don bayan ka fita sai ka yi ta sintiri kafin ka same ta.